Inci 42: Dokar tsawon hannu ta kakar 2024 zuwa 2025 da ke iya mayar da ɗaliban Kafanchan gida daga gasar mutum-mutumi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan ya dubi layin dogo, ya ga inci 42 da idonsa ko da bai sani ba. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan nan biyu ƙafa uku da rabi ce, wato milimita 1,067, ma'aunin da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa tsohon layin dogon Najeriya a kai, har garin ya zama mahaɗar jiragen Fatakwal da Kaduna da Jos a 1927. Wannan adadin ne, ba ƙari ba ragi, ƙungiyar FIRST ta ƙasar Amurka ta yanke a matsayin iyakar tsawon da mutum-mutumin ɗalibai zai iya kaiwa idan ya miƙa hannunsa, a gasarta ta FIRST Tech Challenge ta kakar 2024 zuwa 2025. Dacewa ce kawai, babu wata alaƙa tsakanin biyun. Amma ta isa ta nuna wa mai karatu girman filin da ake magana a kai: faɗin layin dogo ɗaya, kuma a cikinsa ake so gangar jikin na'urar da hannunta da duk wani abin da ke fitowa daga jikinta su tsaya.

Maganar ta shafi masu aiki a ma'aikatun Abuja fiye da yadda za a zata. Gidauniyar Coderina, wadda ke shirya gasar FIRST LEGO League a Najeriya, ta daɗe tana aiki da hukumar NITDA da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya wajen shigar da kwalejojin haɗin kan ƙasa cikin harkar. NITDA ɗin ta buɗe cibiyarta ta ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi a Abuja a 2020. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kafanchan na cikin jerin waɗannan kwalejoji na haɗin kai, kuma irin ta ce aka kafa domin yaro ya riƙa taɓa ƙarfe da waya da hannunsa. Takardun sayen kayan haɗa na'urorin, da na kuɗin mota da masauki, duk ta kan teburan jami'an tarayya suke bi. Abin da ba kasafai yake shiga cikin takardun ba shi ne cewa ƙungiyar ɗalibai za ta iya shafe watanni tana aiki, ta yi tafiya ta hanyar Kwoi har Abuja, a tsayar da ita a teburin tantancewa saboda rabin inci.

Kowace gasa da mudunta

Ba a auna mutum-mutumi da mudu ɗaya. A gasar World Robot Olympiad, rukunin da ake kira RoboMission, na'urar ba za ta wuce milimita 250 a tsawo da faɗi da tsayi ba kafin a tashe ta, har da wayoyinta. Da zarar ta fara tafiya kuwa, ta miƙe iya son ranta. A FIRST Global, gasar ƙasashen duniya da aka fara a Washington a 2017 kuma Najeriya ta halarta tun daga farko, santimita 50 ne ta kowace fuska a lokacin farawa. FIRST Tech Challenge da VEX V5 sun tsaya a inci 18 ta kowace fuska. Ita kuwa FIRST LEGO League, wadda ta fi yaɗuwa a makarantun Najeriya, nata salon daban ne: kafin wasan minti biyu da rabi, ana duba ko mutum-mutumin da dukkan kayan da za a maƙala masa za su shige cikin filin tashi da ke kusurwar tabarmar wasa, ba tare da sun wuce tsayin inci 12 ba. A kakannin baya-bayan nan, ƙungiyar da ta iya cusa komai cikin filin tashi ɗaya maimakon biyu tana samun maki 20 tun ba a fara wasa ba. Dogon hannun da aka ƙera don ɗauko abu daga nesa shi ne yakan ci wa yara waɗannan maki, domin ko bakinsa ne ya leƙa saman layi ba tare da ya taɓa tabarma ba, an ɗauka ya fita.

Duk wannan awon farawa ne, kuma shi ne mai sauƙi. Na'ura tana tsaye, an naɗe hannunta, a kifa mata akwati. Ta shiga ko ba ta shiga ba. Gardama tana tasowa ne a kan abin da ke faruwa bayan an busa usur, lokacin da hannu ya fara motsi.

Daga ina ake kama bakin tef?

Dokar kakar INTO THE DEEP ta FIRST Tech Challenge, wadda aka sanar a watan Satumbar 2024, ta ba kowane mutum-mutumi fili mai kusurwa huɗu, inci 20 a faɗi da inci 42 a tsawo. Ba ta sa iyaka ga tsayi ba. Malamin da ya karanta wannan cikin gaggawa zai ce wa ɗalibansa hannu na iya kai inci 42. Ba haka ba ne. Gangar jikin ma a cikin filin take. Idan tsawonta inci 18 ne, abin da ya rage wa hannu inci 24 ne kacal. A gefe kuwa, idan faɗinta inci 18 ne, inci biyu ne suka rage, wanda ke nufin hannun da ke juyawa dama da hagu kamar na injin ɗaga kaya ya riga ya faɗi tun a takarda.

Akwai sharaɗi na biyu da ya fi wannan kama mutane. Ƙungiya ce ke zaɓar inda gangar jikin za ta zauna a cikin filin, amma da ta zaɓa, shi ke nan, ba ta matsawa. A ɗauka yara sun ƙera hannun gaba mai fita inci 20 domin ɗebo kaya daga ƙasa, da wani na baya mai fita inci 10 domin zubawa a kwando. Za su iya rantsewa cewa hannayen ba sa fita lokaci guda: idan na gaba ya fita tsawon na'urar inci 38 ne, idan na baya ya fita 28 ne, babu wanda ya kai 42. Mai tantancewa ba zai karɓa ba. Shi lissafinsa 18 da 20 da 10, wato 48, domin abin da dokar ke aunawa shi ne dukkan filin da na'urar za ta iya mamayewa tana tsaye wuri ɗaya, ba hoton wani lokaci guda ba.

Babbar gasar ƙungiyar, FIRST Robotics Competition, tana kama bakin tef ɗin ne daga wani wuri daban. A can ana zagaye gangar jikin da zare a ja shi ya yi tsauri, abin da zaren ya zana shi ne iyakar jiki, kuma bai kamata ya wuce inci 120 ba a kakannin 2023 zuwa 2025. Bambar da aka ɗaura don kare karo ba ta cikin lissafi, haka ma kawunan noti da ba su wuce rubu'in inci ba. Daga wannan zaren ake auna fitar hannu. A 2023 an yarda ya fita inci 48, amma ta fuska ɗaya a lokaci guda. A 2024 aka rage zuwa inci 12. A 2025 ya koma 18. Hannun da ya ci kofi bara yana iya zama laifi bana, kuma a nan ne makarantar da ta gaji na'ura daga ɗaliban da suka gama, ko ta kwaikwayi wadda ta gani a bidiyon YouTube na shekarun baya, take faɗawa rami.

Inuwar tsakar rana

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar awon ita ce a tuna da inuwar mutum idan rana ta take tsaka. Dokar ba ta damu da tsawon ƙarfen hannu ba, inuwar da zai yi a ƙasa take aunawa. Hannu mai inci 30 da aka kafa a bakin gaban gangar jiki mai inci 18, idan ya miƙe sama sak, kusan ba shi da inuwa. Idan ya karkata ya tsaya a digiri 60 daga ƙasa, inuwarsa inci 15 ce, jimla 33. A digiri 45 inuwar ta kai kimanin inci 21, jimla 39, har yanzu lafiya lau. Da ya sauko ƙasa da digiri 37, inuwar ta haura inci 24, na'urar ta fita daga fili. Idan ya kwanta gaba ɗaya, ta wuce da inci shida.

Abin da wannan ke nufi shi ne hannu na iya zama daidai a inda ya fara, daidai a inda ya ƙare, amma ya karya doka a kan hanyarsa tsakanin biyun. Hannun da ke tasowa daga baya ya bi ta sama ya sauka gaba, ko wanda ke miƙewa kafin ya ɗaga, duk suna da wani ɗan lokaci da inuwarsu ta fi tsawo. Yaro ɗan aji huɗu na sakandare ya riga ya koyi lissafin kusurwoyin da zai gano wannan lokacin. Sau da yawa abin da ya rasa shi ne wanda zai ce masa darasin allo da na'urar da ke gabansa abu ɗaya ne. Kuma ba a mantawa da abin da ke bakin hannun. Yatsun kamawa idan sun buɗe suna ƙara tsawo, wayar da ta yi lilo tana ƙarawa, har igiyar robar da aka ɗaure waya da ita aka bar jelarta ba a yanke ba.

Sai batun inci da santimita, wanda a Najeriya yake da nasa rikicin. Makaranta tana koyar da mita tun shekarun 1970, amma kafinta da mai walda a kasuwar Kafanchan, kamar na ko'ina a ƙasar, da inci da ƙafa suke aiki har gobe. Inci 18 santimita 45.72 ne. Malamin da ya cike shi zuwa 46 don sauƙin rubutu ya ƙara wa na'urarsa kusan milimita uku, kuma akwatin awo ba ya jin lallashi. A wannan gaɓar kafintan ya fi malamin kusa da gaskiya, tunda da harshen tef ɗinsa aka rubuta dokar.

Birkin ƙarfe ko birkin manhaja

Akwai hanya biyu ta hana hannu wuce iyaka. Ko a sa masa tokare na zahiri, ƙarfe ko noti da zai tsayar da shi, ko a rubuta a manhajar kwamfutar da ke sarrafa shi cewa idan ya kai wuri kaza ya tsaya. A kakar INTO THE DEEP an amince da duka biyun, don haka ƙungiyoyi da yawa suka ƙera dogayen hannaye masu zamewa, suka bar wa manhaja aikin riƙe linzami. A kakar da ta biyo baya, mai suna DECODE, aka taƙaita faɗaɗuwar gefe zuwa inci 18 da 18 har ƙarshen wasa, aka bar damar miƙewa sama zuwa inci 38 a daƙiƙa 20 na ƙarshe bisa sharaɗi, kuma aka nemi iyakar gefen ta kasance ta zahiri, ba ta manhaja ba.

Dalilin fifita ƙarfe ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san yadda na'urorin ke aiki. Manhaja ba ta ganin hannu. Tana ƙidaya juyawar ɗan injin da ke tura shi ne, kuma a yawancin irin waɗannan injina ƙidayar tana farawa daga sifili a inda aka kunna su ko aka sake saita su. Idan batir ya yanke na ɗan lokaci bayan karo, ko yaro ya saita na'urar alhali hannun bai gama komawa gida ba, sifilin ya matsa, iyakar ma ta matsa tare da shi. Zaren da ke jan hannu mai zamewa yakan saki, bel yakan tsallake haƙori. Na'urar da ta wuce tantancewa da safe tana iya miƙa hannu fiye da ƙima da la'asar ba tare da kowa ya yi niyyar maguɗi ba. Ga ƙungiyar da za ta ɗora na'urarta a bayan bas ta bi hanya mai gargada na sa'o'i, tokaren ƙarfe da barin rarar rabin inci sun fi kowace dabara arha. Inci 41 da rabi bai taɓa kayar da kowa a teburin awo ba.

Wace takarda ce ta fi ƙarfi?

Ma'aikacin gwamnati ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Ya san akwai kundin dokokin aikin gwamnati, ya san kuma takardar umarni daga ofishin Shugaban Ma'aikata tana iya zuwa ta sauya sashe guda, wanda bai gan ta ba kuwa ba a karɓar uzurinsa. Haka gasar take. Akwai littafin dokokin kaka, akwai sanarwar gyara da ake fitarwa a kai a kai bayan an fara, kuma sabuwar ita ce ke aiki. Akwai dandalin tambaya da amsa na hukuma, wanda ke fayyace ma'ana amma ba ya soke rubutun littafin. A ranar gasa kuma, hukuncin babban alƙali shi ne na ƙarshe, kuma ba ya duba bidiyon da wani ya ɗauka da waya.

FIRST LEGO League ta ƙara wasu ƙa'idojin fassara da lauyoyi za su so. Kalmomin doka suna nufin abin da suka faɗa ne kawai. Abin da ba a ambata ba, ba a hana shi ba. Idan kuma alƙali ya kasa tantancewa, ana ba yara rinjaye. Wannan yana yanka ta fuska biyu. Malamin da ya hana ɗalibansa ƙera hannu mai naɗewa saboda yana jin kamar wayo ne, ya tauye su a kan dokar da babu ita. Wanda kuma ya dogara da abin da aka faɗa a zauren WhatsApp na malamai, ko hoton shafi guda da aka turo masa ba kwanan wata, ya kafa gini a kan maganar da ba ta da hurumi.

Wani abu da manya kan manta shi ne wanda ke da bakin magana. A gasannin FIRST, ɗalibi ne ke zuwa gaban alƙali ya nemi bayani a kan hukunci, ba malami ba, ba shugaban makaranta ba, balle jami'in da ya rako tawaga daga ma'aikata. Dole yarinya ko yaron ya san lambar dokar, ya iya nuna inda aka ce gangar jiki, inda aka ce a layi ɗaya da ƙasa, ya faɗa da Turanci cikin natsuwa a cikin hayaniyar zaure. Ɗaliban Kudancin Kaduna suna tasowa da harsuna biyu ko uku, Jju ko Tyap ko Hyam ko Fantswam a gida, Hausa a kasuwa, Turanci a aji, kuma wannan baiwa ce. Sai dai Turancin littafin dokoki na injiniyoyin Amurka ne, mai kalmomin da aka ba ma'ana ta musamman aka rubuta da manyan baƙaƙe. Zaman awa biyu da za a bi shafukan awo layi-layi, a faɗi ma'anar kowace jimla da Hausa a gwada ta a kan na'urar, ya fi ƙarin injin da za a saya amfani.

Abin da ba ya cikin takardar sayen kaya

Jami'in da ke tsara kasafin irin wannan shiri yakan ga kayan haɗi da kwamfutoci da rigunan tawaga, domin su ne ke da rasit. Akwatin awo ba shi da dillali. Falanki ne da ƙusa, aikin yini guda ga sashen kafinta na kowace kwalejin fasaha, muddin an auna cikinsa ba bayansa ba. Filin miƙa hannu kuma tef mai manne ne a kan daɓen aji. Abin da ke cin kuɗi kaɗan amma a kai a kai shi ne datar intanet da za a riƙa sauke sanarwar gyara da ita, da buga sabon littafin dokoki duk shekara maimakon ajiye na bara a durowa.

Mutanen da za su yi tantancewar gwaji ma suna kusa. Jami'ar Jihar Kaduna tana da reshe a Kafanchan, Kwalejin Ilimi ta jiha tana Gidan Waya, ga kuma Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Aikace-aikace da aka kafa a Kachia a 2025. Malami ɗaya daga cikinsu, wanda bai sa hannu a ƙera na'urar ba kuma ba ya jin nauyin yaran, zai iya zuwa mako biyu kafin tafiya ya kama hannun ya ja shi zuwa ƙarshen iyakarsa ta kowace fuska, kamar yadda za a yi a Abuja. Wanda ya ƙera abu ba ya ganin inda ya leƙo. Mako biyu sun isa a yanke ƙarfe a sake huda. Minti talatin a bakin zauren gasa da zarto a hannu ba su isa ba, kuma hannun da aka gutsure cikin gaggawa yakan kasa kaiwa inda aka ƙera shi ya kai.

Kalandar ma sananniya ce, ana iya sa ta a jadawalin ofis. FIRST LEGO League tana fitar da sabon wasa da dokokinsa a watan Agusta, FIRST Tech Challenge a Satumba, FIRST Robotics Competition a farkon Janairu. Na farkon yana faɗowa ne a tsakiyar dogon hutu, lokacin da ɗaliban kwana na Kafanchan suke gida, malamai kuma sun watse, don haka takardar da za ta umarci a sauke littafin a buga shi tana buƙatar barin Abuja tun a watan Yuli.